Harsashin Da Ya Ƙi Tsayawa

Kwanakin nan na kasa zama wuri guda. In ɗora tukunya in koma ɗaki, in fito in rasa abin da ya kai ni. Ko carbi na ɗauka, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina leƙen titi. Dalilin kuwa gyado ne, mugun dawan nan, ya sami gonarmu ta Yindiski yana tone dankali yana kwantar da dawa. Maigidana Malam gwiwa ta hana shi zuwa, sai ɗanmu na fari, Habu, ya ce shi zai riƙa tsaro da bindigar tokar da babansa ya gada. Ni ba gyadon ne ya dame ni ba. A bayan gonar, da an wuce ƙarshen dawa, rugar su Dije ce, wadda ke kawo mana nono tun Habu yana goye.

Ranar da Habu ya dawo daga kasuwa ya zazzage abin da ya sayo a kan siminti, sai na ji ƙararsu, tsan-tsan, suna tsalle suna gangarawa. Boris ne na babur, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, masu ƙyalli kamar an wanke, su zai ɗura wa bindiga. Wannan ƙara ce ta dawo mini da Kaka Adama.

A gidanmu na Hausari, kakata ta wajen uwa ce ke zuba wa Kawu Ibra harsashi. Shi maharbi ne, amma bai taɓa narka dalma da hannunsa ba, kamar yadda kakanmu ma bai taɓa ba. A danginsu aikin uwa ne ko matar gida. Kaka takan ce mai harbi zuciyarsa na daji tun yana gida, ba shi da haƙurin tsayawa kan wuta. Da an idar da magariba, an sauke tuwo, sai ta ja garwashin gefe ta ɗora wani tsohon ludayin ƙarfe da ba a taɓa abinci da shi. Ta lashi yatsa ta ɗaga sama ta ji inda iska ke fitowa, ta zaunar da mu ta can don kada mu shaƙi hayaƙin. Buta, kofi, har yaro mai yoyon hanci, duk sai an matsar. Akwai tabo fari a wuyan hannunta, inda ɗigon ruwa ya taɓa faɗawa cikin ludayin, dalma ta yi tsartuwa.

Kafin komai ya shiga wuta sai ta zaɓa. Kawu kan kawo mata tarkace a buhu, ta ɗauki ɗaya ɗaya ta danna da farcen babban yatsa. In farce ya shiga, ta ajiye dama. In bai shiga ba, ta sake shi kan dutsen niƙa ta karkata kunne.

"Ji shi, yana waƙa," in ji ta. "Mai waƙa ba namu ba ne. Namu in ya faɗi, tim yake yi ya yi shiru."

Kawu yakan yi gunaguni daga inda yake shafa wa bindiga mai. "Iya, rabin buhun kike zubarwa."

"Kai ka haife ni ko ni na haife ka? Shafa manka."

Hausarta ta Bangizimiya ce, don Hausa ba yarensu ba ce, takan ce wa mace "ya" ta ce wa namiji "ta", mu yi ta ƙunshe dariya. In ta lura sai ta nuna wana da muciya ta ce, "Wannan mijin nawa, ko cefane ba ya bayarwa sai baki." Dalma na fara narkewa, ta yi wani haske kamar wata a cikin rijiya, sai Kaka ta ce, "Ku miƙo kunnuwa, ku janye ƙafafu." Mu ce mun janye. Daga nan tatsuniya ta fara.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wani maharbi da uwarsa ke zuba masa harsashi da dalma mai taushi. Harsashin ba shi da kyan gani, toka-toka ne, in ya sami nama sai ya baje ya tsaya a ciki, dabbar ta faɗi nan take ba ta wahala ba. Wata rana a kasuwa wani baƙon maƙeri ya nuna masa harsashi guda mai ƙyalli, ya ce wannan babu abin da ke tare shi. Maharbi ya saya ya ɓoye wa uwarsa. Ya shiga daji ya ga gwanki, ya saki. Harsashi ya shiga ta nan ya fita ta can, gwanki ya ruga da ciwonsa, harsashi kuma ya yi gaba.

A nan Kaka kan canza murya ta yi ta siririya. Harsashi ya gaji, ya isa wurin kuka ya ce, kuka ki riƙe ni. Kuka ta ce zo, ya huda ta ya wuce. Ya roƙi suri, suri ya rushe. Ya roƙi tafki, ya fita ta ɗaya gefen bai ko jiƙe ba. Shi kansa kuka yake, so yake ya huta, amma an yi shi da abin da ba ya lanƙwasa. Da maharbi ya koma gida ya faɗa, uwar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗaure masa guzuri ta ce, "Ni ba zan iya kamo shi ba, kai ma haka. Amma ka san inda ya nufa, su mutanen can ba su sani ba." Sai ya ajiye bindiga ya yanka ta gajeriyar hanya da gudu, yana shiga gari gari yana cewa a kwantar da yara, a sunkuya, ga abu nan tafe. Wasu su ji, wasu su ce mahaukaci ne.

"To Kaka, a ina ya tsaya?"

"Wa ya ce miki ya tsaya, ƙawata?" Sai ta karkata ludayi cikin mazubin yumɓu. "Na ajiye ta nan. Mai so ya ɗauka, a je a yi lisha."

Ba na son wannan ƙarshen ko kaɗan. Sauran tatsuniyoyinta ana gamawa da biki ko da kura ta sha duka. Wannan kuwa sai in kwanta ina jin kamar wani abu na wucewa ta saman rufinmu. Na taɓa roƙonta ta sa harsashin ya faɗa teku. Ta ce ita ba ta taɓa ganin teku ba, ba za ta sa abin da ba ta sani ba.

Shekaru da yawa na ɗauka labarin zaɓen dalma ne kawai, dabarar tsohuwa ta sa Kawu ya daina ƙorafi. Shi ya sa ranar da boris suka gangara a gabana na sunkuya na ɗauki ɗaya na danna. Farcena ne ya lanƙwashe.

"Habu, wannan ba zai tsaya a jikin komai ba."

"Umma, fatar gyado fa ba ta akuya ba ce. Mai shagon ya ce kowa shi yake ɗurawa yanzu."

"Mai shagon zai bi ka gona? In ya sami dutse ya yi tsalle fa? In ya wuce?"

"To ina zan sami irin dalmar taku? Wa ke zubawa? Ke za ki zuba mini?"

Gaskiya ya faɗa. Kaka ta rasu ina aji uku na sakandare, ludayin ma ban san inda ya shiga ba. Na ga aikin da idona amma hannuna bai koya ba, kuma ba zan fara koyon wasa da wuta a kan ran mutane ba. Na ba shi tatsuniyar a gajarce. Ya saurara cikin ladabi, yana murmushin nan da yara ke yi wa iyaye, ya tattara abinsa ya zuba a aljihu. Malam daga ɗaki ya ce in bar yaro, in dawa ta tafi me za mu ci. Shi ma gaskiyarsa.

Washegari da hantsi Dije ta yi sallama ta sauke ƙwarya. Na auna nono, na biya, na kasa sallamarta. Kunya nake ji, kamar zan kai ƙarar ɗana wurin baƙi. Daga ƙarshe dai na faɗa mata duka: rumfar da ya kafa a gona inda zai tsaya, abin da zai ɗura, da cewa ni ban iya hana shi ba. Na roƙe ta su riƙe yara daga wannan gefen.

Ta daɗe tana gyara faifai a bakin ƙwarya. "Adda, ta nan jikokina ke kora maruƙa da asuba. Wata hanyar duk gonaki ne, in suka bi a ce mun yi ɓarna." Ta ɗaga kai. "Gyadon mu ma ya gama mana wake, a kashe shi mun gode. Amma ɗan naki ya taɓa zuwa rugarmu?"

Na ce bai taɓa ba.

"Nonona ya yi masa ƙashi, bai san inda nake kwana ba. Ki turo shi ya sha fura. Ba zan ce masa komai ba."

Na aike shi da sunan kai mata tsaki da gishiri. Ya tafi yana cewa man babur ɗinsa kawai nake ƙonawa. Da la'asar ya dawo, ya jingina babur, ya zauna a kan turmi bai cire takalmi ba. Can ya ce, "Umma, ashe daga inda na kafa rumfar nan ana hango shanyarsu. Wata 'yar mitsitsiya ta riƙe mini yatsa har bakin hanya." Da safe ya ɗauki gatari ya koma, ya cire rumfar ya kafa ta a gefen ruga, bayansa ga bukkoki, fuskarsa ga kwarin da ba kowa sai yashi. Malam ya ce ta nan iska za ta kai wa gyado warinsa, zai yi wuya ya samu. Habu ya ce ya sani.

Yanzu in na tuna Kaka, ba ludayin nake fara gani ba. Uwar maharbin nake tunani, wadda ba ta da ikon dawo da komai, ta dai san cewa a bayan abin da ɗanta ya auna akwai mutane masu suna. Ina jin abin da take so mu ɗauka ke nan, mu da ba za mu taɓa riƙe bindiga ba amma za mu haifi masu riƙewa.

Gyado bai faɗi ba tukuna, jiya ma ya cinye dawa kunya biyu ta gefen da aka bari. Da yamma Habu ya rataya bindiga ya fita, na bi shi da addu'a har ya sha kwana, na dawo na tarar miyata ta kama. Ban tambaye shi abin da ya ɗura ba. Na dai san inda ya juya wa baya, kuma da wannan nake iya tsayawa in idar da sallata.