Hannun da Ban Riƙe Ba a Agra

Laifina ne. Na daɗe ina ɗora wa al'ada, ina cewa haka muka taras, amma al'ada ba ta da fasfo, ba ita ta hau jirgi ba. Ni na ɗauke ta a kaina na kai ta Indiya, inda babu wanda ya san ni balle ya yi mini dariya. Abu ɗaya ɗana na fari ya taɓa roƙona a rayuwarsa, in riƙe masa hannu, na kuwa hana shi.

Ni manomin shinkafa ne a Bakura. Karatuna na allo ne, sai firamare da ban ƙarasa ba. Mahaifiyata Bafulatana ce daga wajen Damri, a hannunta na koyi kunyar ɗan fari. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya sa hannu a kwano ɗaya da shi. In an yabe shi a gabanka sai ka kau da kai kamar ana maganar ɗan wani. Da aka yaye nawa, yayata da ke aure a Maradun ta zo ta goya shi ta tafi da shi, a can ya girma. Uwarsa ta rasu yana ƙarami. Ni "yaron nan" nake ce masa, shi kuma Alhaji yake ce mini kamar kowa. Wasu iyayen kan sassauta in yaro ya yi gemu. Ni ban sassauta ba, har tinƙaho nake yi da abin a majalisa.

Ya koyi aikin sa tayil a Talata Mafara, kuma hannunsa ya faɗa. Ranar kasuwa mutum zai tare ni ya ce, "Alhaji, ɗanka ne ya yi mana daɓen masallaci, ko reza ba ta shiga tsakani." Ni sai in ce, "Taki ya iso kuwa?" Daɗi nake ji har cikin ƙashina, amma ban taɓa bari ya ji labari ba.

Ciwon ya faro da kumburin ƙafa. Aka kai shi Sakkwato, aka ce ƙoda ce, aka fara yi masa wankin ƙoda, daga baya aka ce sai dashe. Na ce a ɗauki tawa. Wannan bai yi mini wuya ba, ƙoda a ciki take, ba mai gani. Na sayar da gonar fadama, muka tafi Delhi mu biyu. Can aka auna ni aka ce ina da suga da hawan jini, tawa ba za ta ɗauku ba. Babu wani ɗan'uwa da za mu iya kirawo a lokacin, guzirinmu ma ba zai kai mu jira ba. Likita ya ce mu koma gida a ci gaba da wanki. Ni da shi mun san abin da wannan ke nufi ga mutumin Maradun, inda hanya ba kullum take biyuwa ba.

Tafintanmu wani dattijon Bakano ne da ya daɗe a ƙasar. Ina zaune a ɗakin masauki yaron ya dube shi ya ce, "Ka gaya wa Alhaji, kafin mu koma ina son in ga farin ginin nan na Agra. Tun ina koyon aiki nake ganin hotonsa."

Tafinta ya yi dariya. "Ga shi nan zaune, da Hausa kake magana. Wane yare zan mayar masa?"

Na ce, "Gaya masa na ji."

Tafintan ne ya shirya mana mota tamu mu kaɗai da direba, da wanda zai yi mana jagora a can, don yaron ba zai iya cunkoson bas ba. Shi kansa ba zai bi mu ba, yana da wasu marasa lafiya. Jagoran Turanci yake yi, yaron kuma ya yi sakandare, shi zai riƙa mayar mini.

Muka tashi da sassafe, washegarin ranar wanki, lokacin da jikinsa ya fi sauƙi. Na shige gaba kusa da direba na bar shi a baya. Da muka isa Agra jagoran ya shigo, wani gajere mai gashin baki, Musulmi, ya yi mana cikakkiyar sallama. Dole na koma baya. Na manne da ƙofa, na ajiye laimata a tsakaninmu. Mutumin ya waiwayo ya faɗi wani abu yana murmushi.

Yaron ya ce, "Ya ce ko faɗa munka yi a hanya."

Na ce, "Ce masa zafi nake ji."

Tun da aka haife shi bai taɓa yi mini magana mai tsawo kamar ta ranar ba, duk kuwa da maganar wani ce yake kawowa. Ya ce sarakunan Mughal ne suka yi waɗannan gine-gine, Musulmi ne, sun daɗe suna mulkin ƙasar. Ya ce Taj Mahal ba fada ba ce, hubbare ne, wani sarkinsu ya gina wa matarsa da ta rasu wajen haihuwa. Muryarsa nake saurare, idona kuma yana kan jagoran. In zan yi tambaya, jagoran nake yi wa da Hausa, kamar shi zai gane.

Mota ba ta isa wurin, wata 'yar ƙaramar mai batir ta ƙarasa da mu. Jagoran ya ce akwai keken marasa lafiya, yaron ya ƙi, ya ce da ƙafarsa zai shiga. A babbar ƙofa ta jan dutse na ɗaga kai na ga ayoyin Alƙur'ani an zagaye ta da su, na bi su da ido na gane surar. Muna kutsawa cikin duhun ƙofar, farin ginin ya bayyana can gaba, da ƙubbarsa da hasumiyoyinsa, ga dogon ruwa shimfiɗe a gabansa. Na ji yaron ya ja numfashi a bayana. Ban waiwaya ba.

Jagoran ya karɓi wayarsa zai ɗauke mu hoto. Ya yi ta yi mana nuni da hannu mu matso, ina ja da baya. Hoton yana nan har yau. Tsakanina da shi akwai filin da mutum zai wuce da jaki, ginin gaba ɗaya ya fito a tsakaninmu.

Tafiyar bakin ruwan nan ta gajiyar da shi. Yana tafiya yana tsayawa, ina gaba da jagora kamar yadda na saba. Aka ba mu wasu 'yan ledoji muka sa a kan takalma. Sai muka iso matakalar da ke hawa kan dandamalin farin dutsen, ƙunƙuntacciya ce, ƙafafun mutane sun goge ta har tana santsi. Yaron ya tsaya a gindinta, ya dubi sama, ya dubi kumburarrun ƙafafunsa. Jagoran yana gefena yana share gumi da hankici.

Sai na ji yaron ya ce, "Ya ce ku riƙe ni, akwai santsi."

Mutumin bai buɗe baki ba. Idona na kansa, na gani. Yaron ya riga ya miƙo hannu, bai ɗaga shi sosai ba, yana kallon ƙasa. Na gane sarai wanda ya yi maganar. Ba Bahaushe ko ɗaya a wurin, daga Indiyawa sai Turawa, kowa riƙe da hannun nasa. Na ji hannuna ya yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi. Na miƙa masa laimata na ce, "Dogara da wagga." Sannan na yi wa jagoran nuni ya kama shi.

Ya karɓi laimar ya ce, "To, Alhaji."

Baƙon mutum ne ya rungumo kafaɗarsa ya hau da shi, ni ina gaba ina jin numfashinsa.

A sama ya ɗan farfaɗo saboda aikin dutsen. An fafe farin dutse an cusa masa wasu duwatsu masu launi, sun zama furanni da ganyaye. Ya shafa da ɗan yatsa, ya rufe ido ya sake shafawa, yana neman inda aka haɗa bai samu ba. A ciki, kusa da kaburburan biyu, jagoran ya haska tocila a jikin wani jan fure, dutsen ya kama kamar garwashi. Yaron ya yi dariya, ya ce, "Da a Mafara ne, da mai gida ya ce an ɓata masa lokaci, baƙi na zuwa ran Juma'a." Da ni yake, ba fassara ba ce. Dariya ta taso mini, na haɗiye ta, na ce gini a kan kabari ba koyarwa ba ce. Bai ƙara faɗin maganar kansa ba.

Bayan azahar aka kai mu tsohuwar fadar sarakunan, mai jar ganuwa, birai na yawo a kanta. Hawa ne tun daga ƙofa, a nan ya yarda aka tura shi a keke. Jagoran ya kai mu wani ɗan soro mai kallon kogi, inda ake hango farin hubbaren can nesa. Ya ce a nan sarkin da ya yi ginin ya ƙare kwanansa, ɗansa ne ya tsare shi. Yaron ya mayar mini da muryar da ba ta da komai a ciki. Na ce, "Allah ya raba mu da mugun ɗa." Abin da ya fito daga bakina ke nan, a gaban wanda bai taɓa ɗaga mini ido ba.

A hanyar komawa barci ya ɗauke shi, kansa yana gangarowa wajen kafaɗata. Na gyara zama, kan ya koma jikin gilashi.

Muka dawo gida, ya sauka Maradun wajen yayata. Wankin ya riƙa tsallake-tsallake, yau hanya ba lafiya, gobe babu hali. Ina hawa babur in je, in zauna a zaure, in tambayi mijinta yaya mai jiki, a ce da sauƙi, in ajiye abin da na kawo in juyo. Na san ɗakin da yake, ina jin tarinsa. Kullum sai in ce zuwa na gaba zan shiga. Damina ta faɗi, na koma aiki a gonar da na ara, ina dashen shinkafa ina jin "ya ce ku riƙe ni" a kunnena.

Wata rana da hantsi yayata ta fito zauren da kanta, ta tsaya a kaina.

"Kai, wai zauren nan ka haifa?"

Na ce, "Yaya, kin san yadda abin yake."

"Mi na sani? Inna da ta koya maka, ni 'yar farinta na gan ta tana leƙa ni ta katanga ina ƙaryar barci, ta zo ta ja mini zane. Ita ɓoyewa take yi, kai hanawa kake yi. Ya gaya mini abin da anka yi a matakala."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Mi ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce laimar Alhaji tana da ƙwari." Ta goge ido da bakin mayafi. "Tun jiya bai san wanda ke kansa ba. In za ka shiga ka shiga, in ba ka shiga ba ka hau babur ɗinka, kada in ƙara ganinka sai an kira ka."

Na shiga. Daɓen ɗakin shi ya yi mata da ragowar tayil na wuraren aiki, kala-kala, amma ko'ina daidai. Yana kwance a katifa, fuskarsa ta kumbura, idonsa a rufe, numfashi na fita da ƙyar. Na durƙusa. Hannun na nan a kan zane, na ɗauka. Yana da nauyi, tafin duk kanta, siminti ya cinye masa gefen farce. Ban san haka hannunsa yake ba. Na matsa, bai matsa ba. Na jira, yatsa ko ɗaya bai motsa ba, kuma bai farka ba har Allah ya karɓi abinsa. Ban san ko ya ji ni ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Na kira sunansa. Bakina bai saba da shi ba, sai da na maimaita. Sannan na ce, "Ni ne, babanka. Ran nan a matakala mutumin bai ce komai ba, na ga bakinsa. Na san kai ne ka roƙe ni, na ba ka laima. Aikinka yana da kyau, kowa ya gaya mini, ni ma na gani. Ban kyauta maka ba tun kana goye. Ga hannun nan na riƙe. Ka yafe mini, ɗana."