Gurbin da Mista Anan ya bari a katinsa

Har gobe ba na mantawa da wata Talata cikin damina, a shekarata ta biyu a ɗakin kati na wani asibitin kuɗi a Sabon Gari. Kun san kowane kati yana da layin wanda za a kira idan jiki ya tsananta. A lokacin, dokarmu ita ce mata, ko miji, ko ɗan'uwa na jini.

Mista Anan mutumin Tailan ne, yana gyara wa masu shagunan ɗinki na Fagge injinansu. Ciwon hanta ya kwantar da shi. A katinsa ya rubuta sunan wani Niran da lambar waya, amma gurbin dangantaka ya bar shi ba komai. Da likita ya ce a sanar da iyali yau, sai na kai wa shugabar nas-nas, Sista Rifkatu.

Ta ce, "Hafsatu, wannan me yake gare shi? Ba ma kiran wanda ba mu san matsayinsa ba. Je ki tambayo."

Na tarar da Anan magana ta yi masa wuya. 'Yan ƙasarsa sun kawo masa malamin addininsu na Buda, wani tsoho da askakken kai da mayafi ruwan goro. Na miƙa wa tsohon katin don ya tambaye shi da yarensu. Sai ya ja da baya, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a kan tebur, ya nuna in ajiye a kai. Raina ya sosu, na ɗauka ƙyamata yake.

Ya lura. A hankali ya ce da Turanci, "'Yata, ba raini ba ne. Shekara arba'in ke nan na yi alkawarin barin aure da duk abin da ke kai mutum can. Kaina nake tsarewa."

Ya karanta sunan, ya dubi Anan. Anan ya gyaɗa kai.

Tsohon ya ce, "Abokin zamansa ne, shekara ashirin. Kamar miji da mata."

Na ce, "Baba, kai da ko takarda ba ka karɓa daga hannun mace, ka yarda da wannan?"

"A kaina, mace ko namiji duk an hana. Shi bai ɗauki alkawarina ba. Abin da aka nema gare shi, kada ya ci amana, kada ya cuci kowa. Malamanmu ma bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wannan. Ni dai na zo ne ya tafi da zuciya kwance."

Na koma wurin Sista. Abin da na ce kawai, "Shi ne wanda ya zaɓa, kuma likita ya ce yau."

Ta ce, "To rubuta haka nan. Kira shi, 'yar nan."

Da na samu Niran, ni na riƙe wa Anan wayar a kunne. Ban ji ko kalma ɗaya ta yarensu ba, sai wata murya daga nesa tana maimaita sunansa, ruwa yana sauka a kwano. Kafin la'asar ya cika.

Na san abin da addinina ya ce, kuma ban sauka daga kai ba. Amma layin nan na majinyaci ne, shi ya san muryar da yake son ji a ƙarshe. In kun ga gurbi ba komai, kada ku cike shi da zato. Ku tambaya, ku buga lambar da wuri.