Waƙar Kawu a Motar Adjamé

Jiya na shiga gbaka, ƙaramar bas ta haya, a unguwar Adjamé, sai direba ya saki waƙar Kawu. Shi ya rubuta ta yana saurayi, kafin ya zama shugaban kamfanin waƙa a Treichville. Ko abinci yake ci, yatsunsa na kiɗa a tebur.

A asibiti, cikin warin magani, yatsun suka yi shiru. Ya ce, "Ɗana, in na mutu a daina sa waƙoƙina. Ina tsoron su biyo ni kabari."

Na ce to, alhali da hannunsa ya baza su duniya.

Na roƙi direban ya kashe. Ya harare ni, ya ƙara wa waƙar murya.

Allah Ka jiƙan Kawu, kada Ka ɗora masa wannan.