Gwangwanin Tofa Yawu

Jiya a gidanmu na unguwar Shisha, 'yata ta miƙo min jawwal, wato wayarta, tana dariya. Bidiyon wani ƙaramin gari ne a Japan da aka daina haƙar kwal, yanzu baƙi na zuwa suna shafa baƙi a fuska suna ɗaukar hoto, har da alewa baƙa ƙirin mai siffar kwal. Na mayar mata da wayarta. Wallahi na tsani ganin ana wasa da abin nan.

Mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana sauke buhunan gawayi a unguwar Mansur. Da ya kwanta ciwo, akwai gwangwanin madara a gefen katifarsa. In ya yi tari sai ya tofa majina baƙa mai kauri a ciki. Ni ke zubarwa. Wata rana na ɗauka ina toshe hanci da mayafi, ashe idonsa biyu.

Ya ce, "Kar ki ji kunya, ya binti. Ni ma ƙyamarsa nake."

Har yau ƙyamar kaina nake ji.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya ƙirjin nan da tari ya hana sakat.