Malam Isiyaku Mai Ninke Murya Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina tsugune a ƙofar shago ina haɗa wayar sifika, sai Sanusi ƙanen Malam Isiyaku ya kira ni daga Kankia. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Lawal, Yaya ya cika."

Ku yi mini haƙuri, ba kuka kaɗai ke cina ba, akwai fushi, kuma yau zan amayar da shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Isiyaku ne ya koya mini aikin sauti. Na baro Dudunni na zo Kankia ban san komai ba sai riƙon fartanya. Shi ya ba ni wurin kwana. Idan aka kawo masa abinci daga gida, sai ya ce cikinsa a cike yake, har sai ya ga na ci rabi tukuna ya sa hannu. Ranar aurena da kansa ya ɗauro sifiku a babur har Kusada, ya wuni a rana yana juya waya kamar ɗan ƙwadago.

Babban aikinsa bin ƙauyuka ne yana naɗar muryar tsofaffi. Waƙar daka, kiɗan gayya, karatun malaman da suka rage a tsofaffin kaset. Tafashiya, Sukuntuni, Dudunni, babu inda babur ɗinsa bai shiga ba.

Kuma ba ya yarda a matse murya ta koma mp3. Yakan ce mini, "Lawal, mp3 yanke zane ake yi don ya shiga akwati. Ni ninkewa nake so, ranar da aka buɗe a same shi cif."

To, na'urorin da masu studiyo da masallatan yankinmu suka saya suna yin wannan ninkewar, ba sa zubar da komai. Matsalar ita ce fayil ɗinsu a kulle yake. Manhajar kamfanin da ya ƙera su ce kaɗai ke shigar da sauti cikinsa ko ta fitar, ita kuwa tana hannun dilan kayansu guda ɗaya a Katsina. Ka je yau ya ce gobe, ka je gobe ya ce ya yi tafiya.

Malam ya gaji. Ya zauna yana nazarin fayilolin nan wata da watanni, har ya rubuta tasa manhajar da hannunsa. Ka sa murya ta ninke ta yadda na'urar za ta karɓa, ka fitar ka gwada da ta asali, babu abin da ya ragu. Bai saci ko layi ɗaya daga manhajar kowa ba.

Yanzu na juyo kanka, dila. Ba zan kama suna ba. Ka san kanka, kuma na san kana bin shafin nan a ɓoye.

Bara ka zo shagonsa da masu kaki. Ka kira shi ɓarawo a gaban maƙwabta, a gaban 'yarsa da ta kawo masa abinci. Kuka ɗauke kwamfutarsa. Da aka bincika aka ga babu laifin da za a ɗora masa, ka mayar da ita bayan ka sa an goge ta tas. Muryar mutanen da yawancinsu suna kabari, kai ka sa aka share don kawai ka huce haushi. Haba! Wace irin zuciya ce wannan?

Tun daga ranar Malam bai sake zama daidai ba. Hawan jini, sannan ɓarin jiki ya shanye.

Makon jiya na je duba shi. Yana kwance a tabarma a soro, magana da ƙyar. Na ce masa wallahi sai na ga bayan mutumin nan. Ya girgiza kai ya ce, "Bar shi da Allah. Ni dai kunyar tsofaffin nan nake ji, sun ba ni amana na kasa riƙewa."

Sai na zaro masa katin Innata.

Malam yana da wata al'ada da muka sha yi masa dariya a kanta. Duk tsohon da ya naɗi muryarsa, sai ya koma ƙauyen ya miƙa masa memori kad mai ɗauke da muryarsa, ya haɗa da manhajar a ciki, tunda idan babu ita fayil ɗin ba zai buɗu ba. Mukan ce, Malam, tsohuwar da ko waya ba ta da ita, me za ta yi da kati? Ya ce muryarta ce, ita ta fi cancanta ta ajiye. A zatonsa duk sun zubar. Ashe tsofaffinmu ba sa yar da abin da malami ya ba su da hannunsa. Na Innata, Allah ya jiƙanta, a cikin kwallarta na same shi, a ƙulle a leda tare da 'yan kunnenta.

Na kunna masa a laftof ɗina. Inna na daka tana waƙa, har numfashinta ana ji tsakanin bugun taɓarya. Can sai muryar Malam, "Inna, a sake, kaza ta shiga ciki." Ita kuma ta ce, "Yo wagga kaza ba 'yar gida ba ce? Bar ta ta yi nata."

Ya yi dariya da rabin baki, hawaye na bin kunnensa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

To dila, saurara. Na ji ana cewa kana shirin zuwa gaisuwa. Kada ka zo. Malam ya bar ka da Allah, shi mutumin kirki ne. Ni ban kai shi ba, kuma ban yafe ba.

Ranar sadakar uku zan kafa tebur a ƙofar gidansa da laftof ɗina. Duk mai kati a gida ya kawo, mu mayar da muryoyin nan wuri guda. Duk mai studiyo, duk mai kula da sifikar masallaci daga Kankia har Kusada, ya zo da filas ɗinsa na kwamfuta ya kwashi manhajar kyauta, ya ba na gaba. Babu wanda zai sake hawa mota zuwa Katsina ya yi maka layi.

Kuma na gyara abu ɗaya a cikinta. Duk lokacin da aka buɗe ta, sunan da zai fara fitowa a fuskar kwamfuta shi ne Malam Isiyaku. Sunan nan da ka kira ɓarawo. Ina roƙon Allah ya ba ka tsawon rai ka yi ta ganinsa a kowane shago ka shiga.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Idan kuma kakarka 'yar yankinmu ce, je ka buɗe kwallarta yau ka duba.