Kilo Huɗun Desmond

Shekara talatin Desmond Pickersgill yana gyaran famfo a yankin Yorkshire, can ƙasar Turawa, amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce shi ɗan tseren mota ne. Motar kuwa ta matarsa Maureen ce, wadda ta yi ta kai yara makaranta a ciki har suka yi aure.

A wajen Desmond, nauyi ne kawai ke hana mota gudu. Ya cire kujerun baya, ya cire rediyo, har hannun ƙofa sai da ya huhhuda. Duk abin da ya ciro sai ya ɗora a sikelin kicin, hannu ɗaya na awo, ɗayan na cikin soyayyen dankali. Daga ƙarshe ya tumɓuke na'urar da ke hura wa gilashi iska mai ɗumi don kada raɓa ta rufe shi.

"Kilo huɗu ke nan, Maureen!" in ji shi.

Ranar tseren ƙungiyarsu ta masu tseren mota aka tashi da ruwa, kamar kullum a yankin. Kafin zagaye biyu numfashinsa ya dusashe gilashin gaba. Haka ya yi ta rarrafe yana gogewa da safar hannu, har wani likitan haƙori ɗan shekara saba'in ya wuce shi sau biyu. Shi ya zo na ƙarshe.

Mutum biyu suka taru suka zaro shi daga kujera, Maureen na tsaye da lema.

"Har yanzu motar nan ta yi nauyi," ya ce yana haki.

Ta dubi tumbinsa. "Gaskiyarka, maigida. Saura abu ɗaya ba ka cire ba."