Tasalla a Bakin Bahar Maliya

A ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Sinnar a Sudan, da an idar da magariba sai Kaka ta tura itacen bagaruwa cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Mu Hausawa ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Katsina za su Makka, suka ya da zango a nan, zangon ya zama gida.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji Kaka, tana tona gyaɗa daga toka. "Wanda ya yi gyangyaɗi, rabonsa nawa ne."

Labarin da na fi roƙo shi ne na Tasalla, wata mata da ta biyo ayarin alhazai da 'ya'yanta biyu. Sun isa bakin Bahar Maliya suka tarar jirgi ya tashi, guzuri kuma ya ƙare. Ƙasar ba gero, ba dawa, sai gishiri da iska. Sauran matafiya suka zauna suna kukan tuwo. Tasalla kuwa ta ɗaura ɗamara ta shiga bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko akwai wanda ta sani. A cikin wani kwari ta ga goruba.

Nan Kaka kan sake murya. "Ta ce, 'Ashe ke ma kina nan? To, ba ni kaɗai ba ce.'"

Ta yanko kaba ta saƙa tabarmi, ta kai wa masunta suka ba ta kifi. Ba ta taɓa dafa kifin teku ba, ta durƙusa wajen matansu har ta iya.

"Kaka, ta je Makkan?"

"Ta je mana, Hauwa. Amma sai da yaran suka ƙoshi tukuna."

Da yaƙi ya koro mu daga Khartum, inda na yi aure, na iso Alƙahira da 'yata Sumayya, mijina kuwa babu labarinsa. Muka sami ɗaki a Giza, na rufe ƙofa. Sumayya ta rame, ta ƙi cin komai na ƙasar nan, ni ma ban matsa mata ba, don zuciyata tana tare da ita.

Maƙwabciyata Ummu Hani, Bamisriya, ita ta gaji da ganinmu haka. "Khalas, ya isa haka, ya Hauwa. Yalla, ku taso ku raka ni garinmu."

Garin nasu yana kusa da Rashid, inda kogin Nilu ke faɗawa teku. Dabino ko ta ina, ga wata ƙatuwar bishiya a ƙofar gidansu da suke kira gimmez. Na ɗaga kai na duba 'ya'yan da ke manne a jikin reshe.

"Sumayya, zo ki ga ɓaure!"

Ranar mahaifiyar Ummu Hani ta dafa sayadiyya, shinkafa ce da ake yi da albasar da ta soyu har ta yi duhu, ga kifi a kai. Sumayya ta cinye ta miƙa kwano a ƙara. Ban jira an gayyace ni ba, na naɗe hannun riga na shiga madafa. Na ƙona albasa, tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ma'alish, ba komai, sake."

Ina yarinya na ɗauka labarin Tasalla labarin sa'a ne. Yanzu na gane ba gorubar ce ta je wajenta ba, ita ta tashi ta nema, kuma ba ta ji kunyar koyo a gidan wasu ba.

Yau ɗaliban Najeriya da ke unguwar Hayyus Sabi' a Alƙahira suna sayen sayadiyyata, wadda nake zuba wa yajin ƙuli. Na kuma daina jiran wayar mijina a zaune. Duk Basudanen da ya zo sayen abinci sai na faɗa masa sunan mijina da unguwarmu, in ce ya tambaya mini gaba. Jiya wani ya ce kamar ya ji sunan a garin Aswan. Jibi zan hau jirgin ƙasa zuwa can.